Kotun Ganima: Mai Kama Kaya Bai Kamata Ya Zama Alƙalin Ƙarshe Ba

A watannin Oktoba da Nuwamba na 1914, jiragen ruwa huɗu suka tashi daga Niyok suka nufi Kofanhegan, babban birnin Danmak. Sunayensu Kim, Alfred Nobel, Bjornstjerne Bjornson da Fridland. Uku na Norwe, ɗaya na Suwidin. Lodin ya haɗa da nama da kitsen alade mai yawa na manyan kamfanonin Shikago. Daga masu jirgi har masu kaya har tashar da za a sauke, babu mai hannu a yaƙin da Birtaniya ke gwabzawa da Jamus. Duk da haka sojojin ruwan Birtaniya suka tare su, suka kora su Birtaniya, aka miƙa maganar ga kotun ganima da ke Landan, wadda aikinta shi ne ta faɗi ko abin da aka kama a teku ya halatta ga wanda ya kama. A Satumban 1915 alƙali Samuel Evans ya ce mafi yawan kayan ya zama na gwamnatin Birtaniya.

Ra'ayina shi ne, kotun ƙasar da ta kama kaya tana iya fara sauraron ƙara, amma bai dace a ce daga bakinta magana ta ƙare ba. Dokar teku ta daɗe da yarda cewa mai yaƙi yana da haƙƙin tsayar da jirgin ɗan ba-ruwanmu ya bincika. Yarjejeniyar Paris ta 1856 ta kare kayan fatauci, in ban da wanda aka haramta saboda amfaninsa ga yaƙi. Sai dai wa ke rubuta jerin haramtattun kayan? Mai yaƙin. Wa ke kamawa? Shi. Wa ya naɗa alƙalin? Shi dai. An ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kuwa kurar ta yi karatun shari'a.

Shari'ar Kim ta nuna yadda abin ke tafiya. Sanarwar Landan ta 1909 ta ce abinci, da makamantansa masu amfani ga soja da farar hula, ba a kama shi in jirgin ya nufi tashar 'yan ba-ruwanmu, ko da ana zargin daga baya zai wuce wajen abokin gaba. Da yaƙi ya ɓarke, gwamnatin Birtaniya ta riƙa sauya wannan ƙa'ida da umarnin kanta, a Agusta da Oktoban 1914. Auduga, wadda sanarwar ta ce ba a taɓa ta, ta shiga jerin haramtattun kaya a Agustan 1915, kuma zuwa Yulin 1916 aka yi watsi da sanarwar ɗungurungum. Falken da ya loda kayansa a kan wata doka, kafin ya isa gaɓa ya tarar da wata.

Za a ce ai Evans bai yi zalunci ba, kuma wannan magana tana da ƙarfi. Jiragen huɗu sun ɗauko kitse sama da fam miliyan 19, alhali Danmak a shekara guda ba ta saba shigo da fam miliyan ɗaya da rabi ba. Ko makaho ya san inda rarar za ta, tunda Jamus na maƙwabtaka. Na yarda alƙalin ya hango gaskiya. Amma dacewar hukunci ɗaya ba ta wanke tsarin da ya haifar da shi ba. Hujjar ƙididdiga tana nuna cewa kaya na tsallaka iyaka, ba ta nuna cewa kayan wannan falke takamaimai na sojan Jamus ne ba, kuma da irinta ana iya ƙwace kayan kowa. Gwamnatin Birtaniya ma ba ta tsaya a kan hukuncin ba: a 1916 ta sasanta da kamfanonin Shikago, ta biya su. Sun samu ne don Amurka na bayansu. Ƙaramin ɗan kasuwa daga ƙasar da ba a tsoronta sai dai ya haɗiye takaici.

Hujja ta biyu da za a kawo don kare kotun ita ce shari'ar Zamora, jirgin Suwidin da aka kama a 1915 ɗauke da jan ƙarfe da hatsi, daga Niyok zuwa Sitokholm. Tun ba a yanke hukunci ba ma'aikatar yaƙi ta nemi jan ƙarfen, kotu ta ba ta. A 1916 kwamitin shari'a na majalisar sarkin Ingila, wanda shi ne kotun ƙarshe ta Nijeriya har 1963, ya ce an yi kuskure. Lord Parker ya bayyana cewa kotun ganima dokar ƙasa da ƙasa take zartarwa, umarnin gwamnati kuwa ba ya ɗaure ta in ya saɓa wa wannan doka. Hukunci ne na maza, a tsakiyar yaƙi. Sai dai a cikinsa an yarda cewa dokar majalisa tana ɗaure kotun. Gwamnatin da ke da rinjaye a majalisa ba ta rasa hanya ba ke nan.

Kuma kowa ya samu dama yakan yi. Amurkar da ta yi ta ƙorafi a 1915, ita ce a yaƙin basasarta ta kama jirgin Springbok na Birtaniya a 1863, yana hanyar Nasau, kotun ƙolinta ta ƙwace kayan bisa hujjar cewa daga can za a wuce da su wajen 'yan tawayen kudu. Lauyoyin Landan sun adana wannan hukunci, suka zaro shi bayan shekara hamsin.

Maganin ba sabo ba ne. A taron Heg na 1907 an rattaba hannu a kan kafa kotun ganima ta duniya, inda ɗan ba-ruwanmu zai ɗaukaka ƙara in bai gamsu da kotun mai kamawa ba. Majalisar dattawan Ingila ta kayar da dokar da za ta ba ta rai a Disamban 1911, kotun ba ta taɓa zama ba. Masu cewa manyan ƙasashe ba za su yarda baƙi su yi musu hukunci ba, sun manta da yarjejeniyar Jay ta 1794, wadda a ƙarƙashinta Birtaniya ta amince wani kwamitin haɗin gwiwa ya duba jiragen Amurka da ta kama, ta kuma biya diyya.

Yau abin ya fi muni, don sau da yawa ko kotun mai kamawa ba a kai wa. Mayaƙan Huthi sun kama jirgin Galaxy Leader a Bahar Maliya a Nuwamban 2023, ma'aikatansa 25 suka zauna a hannu har Janairun 2025, babu alƙalin ganima da ya saurari kowa. Ƙasashen da ke sayen alkama, taki da magani ta teku, ba su kuwa da rundunar rakiya, su ya kamata su kai buƙatar kotun ɗaukaka ƙarar ganima gaban Majalisar Ɗinkin Duniya.