Kyamarar Fim ta Gwanjo: Cinikin Biri a Sama

A shekarar 2017 Kendall Jenner ta fito a shirin talabijin na Jimmy Fallon a Amurka riƙe da kyamarar Contax T2. Daga nan farashin wannan kyamara ya yi tashin gwauron zabi, ya kuma ja na ƙannenta. Wanda ƙarfinsa bai kai Contax ba sai ya koma kan Olympus mju-II, da ita ma ta gagari aljihu sai ido ya faɗa kan na ƙasan layi, wato ƙananan kyamarorin aljihu masu zuƙo nesa, waɗanda a da ake zubar da su cikin kwandon tarkace a shagunan gwanjon Turai da Japan. Yanzu su ne ake yi wa kirari da "tsohuwar ajiya", ana tallata su ga matasa kamar wani gado mai daraja. Wannan talla yaudara ce, kuma ya kamata a kira ta da sunanta.

Masu sayarwa na fakewa da cewa da tsohuwar zuma ake magani. To, zuma ba ta da injin lantarki a cikinta. Tun daga 1986, lokacin da Pentax ya fitar da Zoom-70, wadda ita ce ta buɗe wannan fage, an ƙera irin waɗannan kyamarori ne don iyali su ɗauki hoton biki da yawon hutu na wasu shekaru, sannan a sayi sabuwa. Babu wanda ya zana su don su kai shekara talatin. A cikinsu akwai ɗan inji mai tura idon kyamara waje ya dawo da shi, da haƙoran giya na roba, da wata siririyar waya mai lanƙwasa da ke naɗewa ta miƙe duk sa'ad da aka kunna ko aka kashe. Kowane kunnawa yana rage mata kwana. Ranar da ta tsinke, idon zai maƙale a waje ko marufin haske ya daina ƙiftawa, kuma shi ke nan. Kyocera ya daina ƙera Contax a 2005, Konica Minolta ya fice daga harkar kyamara a 2006, Olympus ma ya sayar da sashensa na kyamara. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan tsofaffin samfura ba sa ƙara buga kayan gyaransu. Mai gyara, in ma an same shi, sau da yawa sai dai ya yanka wata matacciya ya ciro abin da zai dasa, wanda shi ma shekarunsa ɗaya da wanda ya lalace.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, zuƙowar da ake tallatawa ita ce babban rauninsu. Idon Olympus mju-II, wanda ba ya zuƙowa, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/2.8. Yawancin masu zuƙowa kuwa, idan aka miƙe idon zuwa ƙarshe, ƙofar kan tsuke ta koma wajen f/10 ko f/11. Tsakanin f/2.8 da f/11 akwai matakai huɗu, kowane mataki yana raba haske biyu, wato fim zai samu kashi ɗaya cikin goma sha shida na hasken ke nan. Kyamarar ba ta da mafita sai biyu: ta bar marufin a buɗe ya daɗe, hoto ya fito a girgize, ko ta harba filasha wadda haskenta ba ya wuce 'yan taku. Saboda haka wanda ya biya kuɗi don lambar 140 ko 160 da aka rubuta a goshin kyamara, ya biya ne don ɓangaren da ba zai more shi ba sai da rana tsaka. Ƙwararrun zamanin sun san haka, shi ya sa ba su ɗauki waɗannan kyamarori da muhimmanci ba.

Sai kuma harshen 'yan kasuwa. A eBay za a ga an rubuta wa kyamara shaidar cewa kamar sabuwa take, an jera mata alamun tarawa har biyar, can ƙasa cikin ƙananan haruffa a ce akwai ɗan hazo da 'yar fumfuna a gilashi amma ba za su shafi hoto ba. Wani ya ce ba a gwada ba. Mutumin da ya iya ɗaukar hoton kaya ta fuska goma, ya iya sa farashi, amma batir ɗin CR123A guda ya gagare shi? Sau da yawa ma'anar wannan magana ita ce an gwada, ba a ji daɗin abin da aka gani ba. Hatta wanda ya ce ya gwada, abin da yake nufi shi ne ta kunnu, idon ya fito, filasha ta haska. Yoyon haske ta bakin idon, wanda sananniyar cuta ce ga masu zuƙowa na jerin mju, ba ya bayyana sai an sa fim an ɗauka an wanke. Kafin nan an kashe kuɗin fim da na wanki, wataƙila wa'adin mayar da kaya ma ya wuce, hotunan ɗaurin auren da aka ɗauka kuma sun fito da zoben haske a tsakiyarsu. Ga mai saye daga Kano ko Yamai, wanda zai biya kuɗin aike da na kwastan, ga ƙurar hunturu da ke jiran shiga cikin giyar, mayar da kaya ma mafarki ne.

Masu kare wannan ciniki suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: ita ce hanya mafi sauƙi ta ɗanɗana fim, kuma kaushin hotonta da tsananin filasharta su ne ma abin da matasa ke nema. Gaskiya ne. Kyamarar da aka tsinta a akwatin baba, ko aka saya da kuɗin da ba zai hana barci ba, abin wasa ce mai daɗi, a yi amfani da ita har ta mutu. Laifin yana farawa ne sa'ad da aka sa mata farashin kayan da ake gada. Da irin wannan kuɗi ana iya samun Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997: ƙarfe ce da sifirin, marufinta ba ya buƙatar batir, kuma duk makanikin kyamara da ya san aikinsa zai iya kwance ta ya mayar. Abin lura ne ma cewa da Ricoh ya dawo da sabuwar kyamarar fim, Pentax 17, a 2024, bai sa mata ido mai zuƙowa ba, kuma da hannu ake ja mata fim.

Wanda duk da haka ransa ya biya, to ya nemi mai gajeren zango, kamar 35 zuwa 70 ko 38 zuwa 80, don tafiyar idon ba ta da tsawo kuma ƙofar haskenta ba ta tsukewa sosai. Ya duba ɗakin batir ko akwai tsatsa, ya haska tocila cikin gilashi, ya saurari kukan injin ko yana karta. Sannan ya ce wa mai kaya ya nuna hotunan da wannan kyamara ta ɗauka da fim kwanan nan, ita kanta ba wata irinta ba. Idan mai kaya ya ce ba shi da su, sai a yi masa tayin kuɗin wadda ba a gwada ba.