"Wuta ne, Oga!" ba gyara ba ne

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da ƙannenmu masu koyon haɗa sauti, yau dai sai na faɗa.

Yaro zai sa FL Studio a kwamfuta, ya kwana uku yana fama da waƙa ɗaya, ya tura wa abokai a WhatsApp ya ce, "Yaya kuka ji?" Nan take wuri ya cika da alamar wuta. "Masha Allah!" "Kai, ka gama da su!" Babu mai ce masa ganga ta danne muryar mawaƙi, ko eko ya yi yawa har kalmomi sun narke. Wallahi wannan ba ƙauna ba ce, cutarwa ce.

Ni ganau ne. Farkon farawata na haɗa wata waƙar biki, abokai suka yi ta kambama ni. Ranar kamu aka sa ta a manyan sifiku, sai gum-gum kawai ake ji, ko sunan amarya ba ya fita. Uwar amarya ta ce ba za ta cika kuɗin ba, kuma gaskiyarta ne. Daga baya na gano dalili: 'yan ƙananan sifikun ɗakina ba sa fitar da bes, ni kuma na yi ta ƙara shi don in ji. Da mutum ɗaya ya faɗa mini tun a ɗaki, da ban sha kunya a bainar jama'a ba.

Kunne yana gajiya fa. Idan ka yi awoyi kana maimaita waƙa ɗaya, sai kuskure ya zame maka daidai. Ko manya ba su tsira ba. Bruce Swedien, injiniyan da ya haɗa sautin faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, da bakinsa ya ba da labarin cewa sau 91 ya haɗa waƙar Billie Jean, ƙarshe Quincy Jones ya sa aka koma kan haɗi na 2, shi ne kuma duniya ta ji. To idan irin wannan gwani yana buƙatar kunnen wani, ina ga ni da kai?

Ɗan'uwa mai koyo, daina tambayar "ya yi daɗi?" Tambayi abu takamaimai: ana jin kowace kalma a amshi? Bes ya yi yawa? Saurari aikinka a waya, a mota, a sifikar adaidaita sahu, domin can mutanenmu za su ji shi. Ɗauko waƙar da ka yarda da haɗinta ka kwatanta, amma ka daidaita ƙararsu tukuna, don wadda ta fi ƙara kullum ita kunne yake ɗauka ta fi kyau. Sannan ka bar aikin ya kwana kafin ka tura.

Ku kuma manyanmu na situdiyo, "wannan shara ce" ba koyarwa ba ce. Ka ce masa, "A minti ɗaya da sakan ashirin murya ta nutse, rage kiɗan ka sake ji." Gyara ɗaya ko biyu sun isa a zama guda.

Na san wani zai ce gaskiya tana karya gwiwar mai koyo. A'a, wulaƙanci ne yake karyawa. Wanda yabon ƙarya ya rena, ranar da mai biyan kuɗi ya faɗa masa gaskiya, ranar yake ajiye sana'ar.

Don Allah, in ƙaninka ya turo maka aiki, saurara har ƙarshe kafin ka danna wutar nan. Ku da kuke harkar, wane gyara aka taɓa yi muku da har yau kuke cin moriyarsa?