A Rubuta Abin Da Tsofaffi Suka Gani

Jama'a, maganar wannan mako ta malaman makaranta ce da malaman dagatai. Tsofaffinmu suna ta ƙaura, masifun da suka gani da idonsu suna bin su ƙasa, ba wanda ya rubuta.

Ku dubi Maiduguri. Cikin Satumba 1994 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Bayan shekara 30 cif, watau Satumba 2024, ta sake ɓallewa, ruwa ya ci Gwange da babbar kasuwa, har ya kai fadar Shehu. Samarin da suka yi ta gudu cikin dare, da yawansu ba a haife su ba sa'ad da aka yi ta farko. Da kowane bulama yana da takarda wadda ta nuna ta inda ruwa ya biyo, da inda ya tsaya jikin bango, da tudun da aka fake, lalle da wahalar ta ragu.

Yunwa ma haka take. Kakalaba ta 1914, sunanta kaɗai ya rage mana. Amma waɗanda suka sha farin 1973 suna nan da rai. A tambaye su wace rijiya ce ba ta ƙafe ba, wane irin gero ya nuna. Kada a tsallake tsofaffin mata, gama su suka san ganyen da aka ci aka rayu, da wanda ya kwantar da mutane. A rubuta da boko ko ajami, da sunan wuri da shekara, a ajiye ɗaya gidan dagaci, ɗaya makaranta, a riƙa karanta wa yara kafin damina ta faɗi.

Haza wasalam.