A Bar Gwaggo Ta Gyara Mayafinta

Ranar 6 ga Yuni, 2011, ɗan majalisar da ke wakiltar Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, ya shiga Majalisar Tarayya a Abuja sanye da kwat da malafa, kamar yadda jaridu suka ruwaito a lokacin. Jam'iyyarsa ta PDP ba shi take so ya zama kakaki ba, Mulikat Akande-Adeola take goyon baya, shi kuwa mutumin da aka saba gani cikin babbar riga da hula sai ya ɓad da kama don kada a tare shi a hanya. Ya samu ƙuri'a 252, ita ta samu 90. Ɗan siyasa ya san cewa kafin ya buɗe baki, tufarsa ta riga ta isar da saƙo, kuma ya san yadda zai juya saƙon.

Sanin nan ba na Najeriya kaɗai ba ne. A 1960 Richard Nixon ya fito muhawarar talabijin da John Kennedy a Amurka bai daɗe da tashi daga jinya ba, ya rame, gumi na tsatso masa, rigarsa ta saje da bangon da ke bayansa. Har yau ana koyar da wannan dare ga masu nazarin aikin jarida.

Yanzu kyamara ta bar tashar Rima da NTA ta shiga aljihun kowa. Malamin da ke tafsiri a Sanyinna, da mai sayar da atamfa a Dogon Daji, da shugaban matasa a Kuchi, duk suna magana da wayar da aka ɗora a kan sanda, a tura Facebook ko TikTok kafin a watse. Shirin da wannan ke buƙata ba tsada gare shi ba. A fuskanci haske, kada a ba shi baya, domin wanda ya zauna taga na bayansa inuwarsa kawai za a gani. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, lokacin da rana ke zurma idanu cikin duhu, farar shadda kuma ta haske har aikin wuyanta ya ɓace. Yadi mai ƙananan zane-zane rawa yake yi a allo, gara mai launi guda. A ɗaga wayar daidai ido, a goge gilashinta musamman a lokacin hunturu da ƙura ke like masa, a kauce wa iska da ƙarar janareto, a matso kusa. Mutane kan haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar murya ta shige sai su wuce. Sannan mai magana ya tsara abin da zai faɗa, ya san inda zai tsaya.

Duk wannan kulawa ana yi wa manya. Idan shugaban ƙaramar hukuma zai yi jawabi, akwai mai gyara masa zaman hula, akwai mai cewa "Ranka ya daɗe, a ɗan juyo nan," kuma idan harshe ya sarƙe sai a sake ɗauka. Babu laifi a ciki, tsafta da kintsi abin so ne, kuma girmama mai kallo ne.

Laifin yana ɗaya ɓangaren fili, inda ake rabon tallafi. Kebbe na iyaka da Zamfara, ƙauyukanta sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga, kuma duk inda mutane suka baro gidajensu, buhunan shinkafa da gero kan biyo baya tare da masu waya. Tsohuwar da ta yini a layi cikin rana, leɓe ya bushe, mayafi ya zame, sai ta ji an ce, "Gwaggo, riƙe buhun da kyau, dubi nan, yi wa mai girma godiya." Ba a tambaye ta ba ko tana so. Ba a ba ta ruwa ta wanke fuska ba. Ba ta san cewa kafin magariba surukinta da ke Legas da jikanta da ke makaranta a Sakkwato za su gan ta tana kuka a kan mudu biyar na hatsi ba. Mai rabon ya fito fes, domin shi ya shirya. Ita kuwa an fi son ta a yadda take, saboda gajiyarta ce ke sa bidiyon ya yi farin jini.

Wannan tonon asiri ne, kuma Bahaushe ya san nauyinsa, shi ya sa rufin asiri ke kan gaba a addu'arsa. Malamai a kowane azumi suna karanta gargaɗin Suratul Baƙara game da ɓata sadaka da gori da cutarwa. Da wuya a samu gori da ya kai wanda ba ya gogewa, wanda ake iya turawa daga waya zuwa waya shekara da shekaru bayan an cinye shinkafar. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ma ta ba amincewar mutum muhimmanci kafin a yi amfani da bayanansa, kuma fuskar mutum na cikin abin da ake gane shi da shi.

Masu rabo na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: wanda ya bayar da kuɗi yana son shaida cewa kaya sun isa. Gaskiya ne, an sha karkatar da tallafi. To amma ana iya ɗaukar buhuna, da takardar sunaye, da hakimi ko limamin da ya shaida rabon, da layin mutane daga baya ba tare da fuskoki ba. Idan kuma ana son muryar wanda ya amfana, sai a nemi wanda ya yarda, a gaya masa inda za a saka hoton, a zaunar da shi a inuwa, a bar mace ta gyara lulluɓinta, a bar dattijo ya karkaɗe rigarsa ya daidaita rawaninsa. Mai waya ya durƙusa daidai da wanda ke zaune a tabarma, kada ya tsaya a kansa yana ɗauka daga sama. Yara da marasa lafiya kuwa a ƙyale su gaba ɗaya.

Wanda aka ba wannan dama yakan faɗi abin da ya fi godiya amfani. Manomin da ya natsu zai ambaci sunan ƙauyensu, da gonar da ya kasa nomawa bana, da hanyar da ba a iya bi bayan la'asar, kuma waɗannan su ne bayanan da wakilan Kebbe da Tambuwal a Sakkwato da Abuja ke buƙatar ji daga bakin mai abin.