An ninka guraben karatun likita, amma wa zai koya musu karɓar haihuwa?

Gwamnatin Tarayya ta ɗaga yawan ɗaliban da makarantun likitanci da na jinya da ungozoma da sauran fannonin lafiya za su riƙa ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000, kamar yadda Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana. Dalilin ba a ɓoye yake ba. Ministan da kansa ya ce a 2024 kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara biyar, aka bar mu da wajen 55,000 su duba mutane fiye da miliyan 200. Duk uban da ɗansa ya ci jarrabawar JAMB sau biyu bai samu gurbin karatun likita ba zai yi maraba da wannan mataki, kuma yana da hujja.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Ana iya faɗaɗa zauren lacca cikin wata shida, a ƙara kujeru da lasifika. Ɗakin haihuwa kuwa ba haka yake ba, ga shi a can ne ake koyon fanni biyu da suka fi shafar rayuwar iyalanmu, wato lafiyar mata da haihuwa, da lafiyar yara.

Karatun likita a Najeriya shekara shida ne. A yawancin makarantun, sai a shekara ta biyar ɗalibi ke zama a sashen mata da na yara na tsawon watanni, ya rubuta jarrabawarsu. A nan ake buƙatar ya kwana a asibiti, ya tsaya kan mai naƙuda, ya koyi gane kwanciyar ɗa a ciki da tafin hannunsa, ya karɓi haihuwa wani babba na tsaye a kansa, a sa masa hannu a littafinsa. A sashen yara kuma ya koyi nemo jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, ya bambance shawarar da za ta wuce da wadda za ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya san yadda ake farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya daga bayan taro. Idan ɗalibi takwas suka kewaye gado, kowa zai taɓa. Idan suka zama ashirin, na gaba ne kawai za su gani, na baya su ji labari.

Girman abin da ke gabanmu ya isa ya hana mutum barci. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata kusan 75,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk faɗin duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 kuma ya gano cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 110 ba sa kaiwa shekara biyar. Abubuwan da ke kashe matan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga mai biyo bayan hawan jini, doguwar naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta a lokacin jego. Dukkansu suna da magani, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ke yin ƙaranci shi ne hannun da ya san abin yi cikin minti goma na farko.

Misali na kusa shi ne binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a auna jinin da ta zubar maimakon a kintata da ido, sannan a haɗa matakan ceto a yi su lokaci guda. Hakan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. Darasin shi ne ran mace na rataye ne a kan sabo da horo, abin da ake samu ta maimaitawa a gaban wanda ya iya.

To ina wanda ya iya ɗin? A asibitocin koyarwa irin na Shika da na Malam Aminu Kano da na Sakkwato da Maiduguri, manyan likitoci ne ke da alhakin koyarwa, amma wanda ɗalibi ke bi dare da rana shi ne likita mai neman ƙwarewa. Shi ke riƙe hannun ɗalibi wajen ɗinkin farko. Kuma wannan rukuni ne ya fi yin ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya, shi ne kuma ke yawan shiga yajin aiki kan albashi da kuɗin horo. Wanda ya rage yana duba layin masu awo, ya shiga tiyata, ya koma ɗakin gaggawa. Ba ƙin koyarwa yake yi ba, lokacin ne babu. Ƙara ɗalibai a daidai lokacin da masu koyar da su ke raguwa tamkar ƙara wa jakin da ya gaji kaya ne.

Arewa na da nata ƙarin matsalar. Binciken 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 kacal na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Wadda ke isa asibitin koyarwa sau da yawa ta riga ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ta biyo ta ƙaramin asibiti, ta zo rai a hannun Allah. Irin wannan ba ta ɗalibi ba ce, manya ke rufuwa a kanta. Sai ya zama ɗalibi ya ga abubuwan ban tsoro da yawa, amma haihuwa ta lafiya, wadda da ita ake fara koyo, ba ta ishe shi ba, domin ɗaliban ungozoma ma suna layi a kanta.

Ga kuma batun kunya da addini. Mace na da cikakken haƙƙin ta ce ba ta yarda ɗalibi namiji ya duba ta ba, kuma bai kamata a tilasta mata ba. Amma a yi la'akari da inda wannan ɗalibi zai ƙare. Bayan ya gama, zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki, inda yake samun kimanin wata uku a sashen mata, uku a na yara. Daga nan sai hidimar ƙasa ta jefa shi babban asibitin wata ƙaramar hukuma, inda mai yiwuwa shi kaɗai ne likita. Ranar da aka kawo matar wani da tsakar dare mahaifa ta fashe, ba za a tambayi ko namiji ne ba. Jihohi irin su Kano da Jigawa sun fahimci buƙatar likitoci mata, har suka riƙa tura 'yan mata karatu ƙasashen waje, ciki har da Sudan, kafin yaƙin 2023 ya tarwatsa karatun ɗalibanmu a can. Ƙoƙari ne mai kyau, amma likita mace da ta yi aure a birni ba lallai ta zauna a ƙauye ba, don haka namijin ma dole ya iya.

A Nuwamban 2024 gwamnati ta sanar da yi wa mata mabuƙata tiyatar haihuwa kyauta. Kuɗin tiyata ya daɗe yana sa magidanta jinkiri har a rasa uwa da ɗa, saboda haka shirin ya dace. Amma kyauta ko da kuɗi, sai an sami mai riƙe wuƙar, kuma ɗaliban da ake ɗauka yau su ne za su riƙe ta nan da shekara bakwai.

Mafita mafi kusa, a ganina, ba gina sababbin asibitocin koyarwa ba ce. Marasa lafiyar suna nan a asibitocin jihohi. Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero a Kano ba sa rabuwa da cunkoso, haka takwarorinsu a Katsina da Gusau da Bauchi. Kamata ya yi a tsara zaman ɗalibai a irin waɗannan wurare da gaske, a ajiye ƙwararru, a biya su alawus na koyarwa, a kuma samar da mutum-mutumin gwaji don ɗalibi ya saba kafin ya taɓa ɗan Adam. An taɓa ganin irin haka a Babbar Ruga ta Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya horar da likitoci masu yawa aikin yoyon fitsari a asibitin da ba na jami'a ba.

Hukumar MDCN, wadda ke yanka wa kowace makaranta gurbinta, ita ce ke da wuƙa da nama. Idan za ta sake duba wata makaranta, ta ƙirga yawan haihuwar da kowane ɗalibi ya karɓa da hannunsa, da yawan ƙwararrun da ke sashen mata da na yara a ranar ziyarar, ta kuma wallafa alƙaluman don iyaye da gwamnonin da ke biyan kuɗin karatun su gani.