Ruwan Tiga: Tsakanin Gonakin Kura Da Ciyawar Ado

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da zarar ya kai Kura zai ga gonaki kore shar dama da hagu, alhali sauran ƙasa ta bushe ƙamas. Wannan albarka ta samu ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, jim kaɗan bayan farin 1972 da 1973. Daga can ne ruwa yake gangarowa ta babbar magudana, ba tare da injin turawa ba, ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir da albasa a yankunan Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

To, amma ba manomi kaɗai ne yake da rabo a wannan ruwa ba. Abin da ake saki cikin Kogin Kano shi matatar Tamburawa take ɗiba ta tace domin famfunan birni. Wanda ya rage kuwa yakan haɗu da na Kogin Calawa, wanda shi ma aka datse a 1992, ya nufi Wudil da Haɗeja har fadamun Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman fadama suke jiransa. Tulu ɗaya ne, masu sha da yawa, kuma kullum ƙaruwa suke yi, domin a ƙidayar 2006 ma mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9. Saboda haka ya kamata a dubi kowane mai ɗiba, a tambayi abin da yake yi da rabonsa.

Daga cikin masu shan ruwan nan akwai wadda ba a cika ambata ba, watau ciyawar ado da ake shimfiɗawa a gaban ofisoshin gwamnati da otal-otal da shataletale da gidajen masu hali. Turawan mulki ne suka zo da wannan al'ada daga Ingila, ƙasar da ake yayyafi kusan duk shekara, suka dasa ta a unguwarsu ta Nasarawa. A ƙasar Kano kuwa damina ba ta wuce wata biyar, sauran watanni bakwai sai an bi ciyawar da tiyo safe da yamma, in ba haka ba ta ƙone.

Lissafin ba shi da wuya. A lokacin bazara, kowane murabba'in mita na ciyawa yana bukatar lita biyar ko fiye a kowace rana. Ke nan fili mai murabba'in mita 200, wanda bai kai rabin fuloti ba, yana shanye lita 1,000 kullum, watau jarka 40 mai cin lita 25, irin wadda 'yan garuwa suke turawa cikin unguwanni. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse ya ce ruwansa ne yake zubawa, ya manta cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya tsayawa a iyakar katanga, kuma rijiyar maƙwabcinsa talaka ita ce take fara ƙafewa.

Wasu ƙasashe masu fama da ƙarancin ruwa sun riga sun shiga wannan magana. A birnin Las Vegas na Jihar Nebada ta Amurka, wanda ya dogara da Kogin Kolorado, tun 1999 hukumar ruwa ta fara biyan mutane kuɗi domin su tuge ciyawa su sa tsakuwa da tsirrai masu jure fari. Hukumar ta ƙiyasta cewa kowane murabba'in mita da aka canza yana rage asarar fiye da lita 2,000 a shekara. A 2021 majalisar jihar ta zartar da doka wadda ta hana, daga farkon 2027, a shayar da ciyawar da ba ta da wani amfani sai ado da ruwan kogin, a ofisoshi da kamfanoni da gefen tituna. Dokar ba ta shafi gidajen iyalai ba, kuma ba ta shafi filayen wasa ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa tuge ciyawar Kano kaf ba zai cika magudanan Kadawa ba. Noman rani shi ne yake cin kaso mafi tsoka na ruwan Tiga, kuma asarar da ake yi a fashewar magudanai da cushewar ciyawar kacala da tsohon bututu mai yoyo ta fi ta lambuna nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa aka shigar da aikin Kogin Kano cikin shirin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Sai dai ruwan da manomi ya sha yana komawa buhun shinkafa da kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan. Na ciyawar ado kuwa sau da yawa an kashe masa alam da wutar lantarki kafin ya iso, sa'an nan rana ta shanye shi a banza.

Bugu da ƙari, akwai kuskuren da ya kamata a guje wa. Masu gidaje da dama sukan shafe harabarsu duka da siminti ko bulon shimfiɗa, su sare itatuwa. Irin wannan gida yakan zama tanda a watan Afrilu, da damina kuma ruwan da ya kamata ya nutse ƙasa sai ya kwarara titi ya haddasa ambaliya. Tsakuwa tana barin ruwa ya ratsa, amma ita ma tana riƙe zafi idan babu inuwa, manyan duwatsu da aka jibge kuwa maɓoyar kunama ce. Abin da ya dace shi ne tsakuwa ko marmara a ƙarƙashin itatuwa, tare da tsirran da ƙasar ta saba da su: darbejiya da ceɗiya domin inuwa, lalle da bini-da-zugu domin shinge, zogale domin tukunya, kariya domin furenta. Bayan sun kama ƙasa, kaɗan ne daga cikinsu yake neman ban ruwa. Ba baƙon abu ba ne, domin tsakar gidan Bahaushe tun asali daɓe ce da shara da itace mai inuwa.

Gwamnati ce ya kamata ta fara, a sakatariya da manyan makarantu da shataletale, ta bar ciyawa a filayen ƙwallo da wuraren wasan yara inda take da aiki. Hukumar tsara birane tana iya sa wa masu neman izinin gini sharaɗin barin wani sashe na fili ba siminti, tare da dasa itace. Ɗaliban aikin gona da na tsarin gine-gine kuma suna da aikin auna yawan ruwan da kowane tsiro yake sha a yanayin Kano, domin hukuma ta yi doka bisa hujja. Hukumar da take roƙon manomin Bunkure ya yi tsimin ruwa a watan Maris, maganarta za ta fi shiga kunne idan ba a ga tiyo yana malala a gaban ofishinta ba.