Ƙidayar sa'o'in wuta ba ta isa ba: darasi daga shagunan Yerimaram

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, muhawarar lantarki a Abuja ta koma kan tambaya guda: sa'a nawa aka ba da wuta? Ga ɗan kasuwar unguwar Yerimaram a Potiskum kuwa, akwai tambayar da ta fi wannan ciwo, wato wace irin wuta aka kawo.

A ɗauki misalin gini mai shaguna shida a wannan unguwa, inda mai sayar da ruwan sanyi da tela da mai cajin waya ke shan wuta daga mita ɗaya. Da rana komai lafiya. Da yamma, da mai walda ko injin niƙa na maƙwabta ya tashi, sai ƙwan fitila ya dushe, fanka ta yi sanyi, firiza ta riƙa gurnani. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Idan ta faɗi sosai, injin firiza yakan ja wuta fiye da kima, ya yi zafi, ya ƙone. Jarin shekara guda na iya tafiya a dare ɗaya.

Abin da aka saba shi ne a ɗora laifi kan kamfanin YEDC, mai rarraba wuta a Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, sannan a sayi sitabilaiza. Sai dai magani kafin gano cuta asarar kuɗi ne. Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi: a tambayi maƙwabta. Idan duk layin na fama a lokaci guda, to taransifoma ce ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, ko kuma jama'a sun tattaru a kan layi ɗaya cikin ukun da ke fitowa daga gare ta. Idan ginin ne kaɗai, cutar na ciki: mahaɗar waya da ta saki, siririyar wayar da aka ɗora wa kaya mai nauyi, ko makunnin sauyawa zuwa janareta da ya ci wuta.

Alama mafi haɗari ita ce fitilar wani shago ta ƙara haske a daidai lokacin da ta maƙwabcinsa ke dushewa. Wannan na nuna wayar da wuta ke komawa ta cikinta, wadda masu gyara ke kira nutural, ta saki ko ta tsinke. A irin wannan hali wutar wani shagon na iya haurawa kusa da bolt 400. A kashe babban makunni nan take, a kira ƙwararre ya auna a bakin mita da cikin shaguna, musamman a sa'ar da matsalar ke tasowa.

A nan ne nauyi ya hau kan masu riƙe da fayil a Abuja. Hukumar NEMSA ce doka ta ɗora wa duba wayoyin gine-gine da tantance masu aikin lantarki, amma ƙaramin ɗan kasuwa bai san ƙofarta ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, sai dai hakan bai sauke wa hukumomin tarayya alhakin kare rai da dukiya ba.

Abu biyu ya kamata a yi. A wajabta wa kamfanonin rarraba wuta sanya na'urar da ke rubuta hawa da saukar wuta a taransifomomin unguwannin kasuwanci, a kuma bayyana sakamakon. Sannan a kai horo da jarrabawar shaidar ƙwarewa garuruwa irin su Potiskum, domin mai shago ya san wa zai kira. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma ya cancanci wutar da ba za ta ƙona masa jari ba.